Daga Kwandon Shara Zuwa Teburin Gwanjo: Tarihin Zanen Hannu na Katun ɗin Japan

A watan Agustan 1977, ɗimbin matasa suka kwana a layi a bakin gidajen sinima na birnin Tokyo. Fim ɗin da za a fara nunawa da safe, Space Battleship Yamato, ba baƙon labari ba ne a wurinsu, domin an harhaɗa shi ne daga wani shirin talabijin na 1974 da akasarinsu suka riga suka kalla. Abin da ya hana da yawansu barci wata kyauta ce. An yi shelar cewa waɗanda suka riga kowa shiga za a ba su falle guda na robar da aka zana jaruman shirin a kai, wato ainihin wadda aka ɗora a gaban kyamara. Jaridu suka yi ta ba da labarin wannan layi, kuma a lokacin ne masu sana'ar suka fara lura cewa abin da suke zubarwa da buhu-buhu akwai masu sonsa kamar ransu.

Wannan falle shi ake kira sel. Roba ce garai-garai, ana ganin abin da ke bayanta, girmanta bai ɗara na takardar wasiƙa da yawa ba. Wani Ba'amurke, Earl Hurd, shi ya yi rajistar dabarar a 1914. Kafin nan, mai zanen katun sai ya maimaita komai a kowane hoto, mutum da gida da bishiya. Da sel ya zo sai aka raba aikin gida biyu: a zana wurin da abin ke faruwa sau ɗaya a takarda, a zana mai motsi a roba, a ɗora wannan a kan wancan a ɗauki hoto, a cire a ɗora na gaba.

Japan ta fara katun tun 1917, amma robar ta yi wa masu sana'ar tsada, don haka suka daɗe suna aiki da yankakkiyar takarda. Sai a 1934 Kenzo Masaoka ya fitar da fim ɗin da aka yi shi kacokan da sel. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kafa kamfanin Toei Doga a 1956, wanda ya fitar da Hakujaden a 1958, dogon fim ɗin katun mai launi na farko a ƙasar. Amma wanda ya buɗe ƙofar ambaliyar sel shi ne Osamu Tezuka. Ranar 1 ga Janairun 1963, tashar Fuji ta fara nuna shirinsa na Astro Boy, rabin awa kowane mako, har kashi 193.

Yin katun na rabin awa duk mako abu ne da mutane suka ɗauka ba zai yiwu ba, sai Tezuka ya koma ga tattali. Fim na cin hoto 24 a kowane sakan, shi kuwa ya sa a riƙa ɗaukar zane ɗaya sau uku, ya zama zane takwas ya wadatar, wani lokaci ma ƙasa da haka. Idan jarumi na magana, ba a sake zana fuskarsa. Baki kawai ake zanawa a wani falle daban a riƙa sauyawa. Fallayen da ake yawan buƙata, kamar tashin Astro Boy sama, akan adana su a sake fito da su a wani makon. Wannan tattalin har yau ana ganin sawunsa a kasuwa. Shi ya sa mai saye kan ci karo da fuska babu baki, ko falle guda babu komai a kansa sai ido biyu ko hannu ɗaya.

Hannuwa nawa ne a falle guda

A zamanin roba, kafin sel ya isa gaban kyamara, yakan ratsa hannun mutane da dama. Darakta zai zana jadawalin labarin. Wani ya tsara yadda hoton zai zauna, inda mutum zai tsaya da inda kyamara za ta dosa. Daga nan ƙwararren mai zane ya fitar da manyan gaɓoɓin motsin da fensir, waɗanda ake kira genga. Shugaban masu zane zai ɗora wata takarda mai launi, galibi ruwan ɗorawa, a kan gengar ya gyara ido ko haɓa don kada kamannin jarumi su sauya daga hannu zuwa hannu. Wannan muƙami ya samo asali ne a Toei a 1963, kuma Yasuji Mori ne ya fara riƙe shi. Sannan ƙananan masu zane su cike motsin da ke tsakani su kuma tsabtace layukan, abin da ake kira doga.

Sai a wuce ɗakin fenti. A farko da alƙalami da tawada ake bin layin zanen a kan robar, daga baya aka samu injin da ke kwafe layin fensir da zafi. Mai fenti takan kifa robar ta shafa launi ta baya, domin idan an juyo ta gaba launin ya fito sumul, layin kuma ya zauna a samansa. Duk wanda ya juya sel na gaske zai ga fentin ya yi tudu-tudu, da sawun buroshi, wani wuri launi ya hau kan wani. A saman fallen akwai huda uku da ake saƙala shi a ƙarfe don kada ya goce, a kusurwa kuma an rubuta lamba da hannu: A1, A2, B4. Harafin na nuna hawa na nawa ne a jerin fallayen da ake ɗorawa, lambar kuma na nuna matsayinsa a motsin. Mai kyamara na sanye da farin safar hannu, ya jera su, ya danne da gilashi, ya ɗauka.

Mata ne suka fi yawa a aikin fenti, wasu a kamfani, wasu a gidajensu ana biyansu falle-falle, kamar dai masu ɗinkin hula da ake yaba aikinsu a ka ba a san sunansu ba. Kaɗan ne daga cikinsu suka yi suna. Michiyo Yasuda ta shiga Toei a 1958 a wannan sashe, ta kai ga zama mai zaɓen launukan fina-finan Hayao Miyazaki har zuwa The Wind Rises na 2013. Ta rasu a 2016.

Da zarar an ɗauki hoto, aikin sel ya ƙare. Kashi guda na shirin talabijin kan ci falle wajen 3,000, ga nauyi, ga fentin na manne wa takarda, ga kuɗin hayar sito a Tokyo. Kamfanoni sun ɗauki fim ɗin a matsayin haja, robar kuwa tarkace. Wasu aka wanke aka sake amfani da su, wasu aka ba yaran da suka zo ziyara, da yawa aka zubar ko aka ƙona.

Yadda kasuwa ta buɗe

Bayan Yamato abubuwa suka sauya da sauri. A 1978 aka fara buga mujallar Animage, wadda ta koya wa masu karatu sanin sunayen daraktoci da masu zane, ba jarumai kawai ba. A 1980 Masuzo Furukawa ya buɗe ɗan shagon tsofaffin littattafan zane a ginin Nakano Broadway da ke Tokyo, shagon da ya zama Mandarake, wanda a yau yana cikin manyan wuraren cinikin sel a duniya. Son abin ya kai har ana shiga kamfanoni sata, lamarin da ya zama sananne har kamfanin Gainax ya sa ɓarawon sel cikin mutanen da ya kwaikwaya a fim ɗinsa na Otaku no Video a 1991.

A daidai wannan lokaci katun ɗin Japan na ratsa duniya. Grendizer ya shiga talabijin ɗin Faransa a 1978 da sunan Goldorak, ya kuma mamaye Italiya da ƙasashen Larabawa. Captain Tsubasa na 1983 ya zama Kyaftin Majid a bakin yaran da suka kalle shi da Larabci. Voltron da yaran Najeriya suka sha kallo a talabijin an ɗinka shi ne daga wani shirin Toei na 1981, kuma kowane motsi na zakunan nan biyar fentin hannu ne a kan roba. Yaran da suka tashi da waɗannan shirye-shirye su ne suka girma suka samu abin hannu, kuma da intanet ta zo a ƙarshen shekarun 1990, fallaye suka riƙa fita daga Japan a ambulan zuwa Paris da Milan da Los Angeles da Hong Kong.

Abin da idon mai tarawa ke nema

Masu tara sel suna da ma'auninsu. Suna son jarumi ya fuskanci mai kallo, ido a buɗe, fuska cikakkiya. Suna son A1, fallen farko na motsi, ko wanda aka rubuta wa alamar ƙarshe, domin galibi waɗannan ne suka fito kai tsaye daga gengar ƙwararre. Idan sel ya zo da dogarsa ta fensir, daraja ta ƙaru. Idan kuma ya zo da ainihin zanen wurin da aka ɗora shi a kai, to an kai ƙololuwa, saboda fallaye da dama ke bi ta kan zanen wuri guda, don haka mutum ɗaya ne kawai zai iya haɗa cikakken hoton. Fallayen waƙar buɗe shiri su ma ana rububinsu, tunda su ne ake gani kowane mako. Akwai kuma waɗanda aka yi musamman don bangon mujalla ko fosta, da ake ƙawata su fiye da na cikin fim.

Amma ma'auni daban, ƙauna daban. Idan aka duba abin da mutane ke ɗagawa a matsayin wanda suka fi so, sai a ga lokaci suke nema, ba kyau kawai ba. Masoyin Dragon Ball Z, shirin da ya yi kashi 291 daga 1989 zuwa 1996, burinsa falle daga ranar da gashin Goku, jarumin shirin, ya fara rikiɗa ya koma ruwan zinariya a 1991. A Japan, ƙarshen shirin A Dog of Flanders na 1975, inda yaron nan Nello da karensa suka mutu a cocin Antwerp, ya sa wani zamani guda kuka, har Japanawa suka riƙa zuwa Beljiyam don ganin cocin. Wanda ya riƙe falle daga irin wannan wuri yana riƙe da ainihin abin da hasken kyamara ya sauka a kansa a lokacin da ake ƙera hoton da ya gani yana yaro. Ba kwafi ba ne, kuma babu na biyunsa.

Akira na Katsuhiro Otomo, wanda ya fito a 1988, yana da matsayi na musamman. An yi amfani da sel sama da 160,000 da launi 327, 50 daga ciki an haɗa su ne don fim ɗin kaɗai, saboda yawancin labarin cikin dare yake faruwa. Wurin da Kaneda, jarumin fim ɗin, ya ja birkin jan babur ɗinsa ya zame a gicciye bai wuce 'yan sakanni ba, amma masu katun a ƙasashe da dama sun yi ta kwaikwayonsa, kuma fallayen babur ɗin suna cikin abin da aka fi nema. Zanen birnin da labarin ke faruwa a cikinsa, wanda aka yi da buroshi taga bayan taga, ya kai ga an baje kolinsa a wani gidan adana zanen gine-gine a Berlin a 2022.

A shekarar da Akira ya fito ne My Neighbor Totoro ya fito, kuma shi ya ja hankali zuwa ga masu zanen wuri. Kazuo Oga, mutumin jihar Akita, shi ya zana dazuzzuka da gonakin shinkafa da hanyoyin ƙauyen fim ɗin da fentin ruwa a kan takarda. A 2007 gidan adana zanen zamani na Tokyo ya shirya baje koli na aikinsa shi kaɗai, a shekara ta gaba kuma ya nuna zanen tsarin hoto kusan 1,300 na Ghibli, kamfanin da ya yi Totoro. Abin da a da ake ɗauka takardun aiki ne sai ga shi a jikin bango cikin gilashi, mutane na biyan kuɗi su gani.

Akwai wani nau'i da masana ke ji da shi. Darakta Osamu Dezaki ya saba idan labari ya kai maƙura sai ya tsayar da motsi cak, hoton ya rikiɗe ya koma zanen buroshi mai inuwa da kaushi. Ana yin wannan ne da haɗin gwiwar mai zanen mutum da mai zanen wuri: layi a roba, launi irin na zanen wuri. Mafi shahara shi ne hoton ƙarshe na Ashita no Joe 2 a 1981, ɗan dambe Joe Yabuki zaune a kusurwar fage, kai a sunkuye, da murmushi. Irin wannan hoto guda ɗaya ake yi, ba jeri ba, shi ya sa samunsa ke da wuya.

Wasu kuma sun bar launi gaba ɗaya sun koma fensir. A wurinsu sel aikin hannu na huɗu ne ko na biyar, genga kuwa ita ce inda mai zane ya fara taɓa takarda. A jikinta ana ganin layin da ya goge, da jan fensir da shuɗi da ya nuna haske da inuwa, da 'yar wasiƙar da ya bar wa na gaba da shi. Masu wannan ra'ayi sukan gane hannun Yoshinori Kanada daga yadda yake karya jiki da walƙiya, ko na Ichiro Itano daga rokokin da ke bin juna a Macross na 1982. Haka nan zanen tsarin shirin Heidi na 1974: Isao Takahata ne darakta, Miyazaki kuma ya tsara hotunan kashi 52 ɗin duka, bayan sun je Suwizalan sun ga tsaunukan da idonsu. A 2019 gidan tarihin ƙasar Suwizalan da ke Zurich ya yi baje koli a kan wannan shiri.

Ranar da roba ta ƙare

Kwamfuta ta shigo a hankali, sannan ta mamaye. A 1997 Toei ta mayar da fentin shirin GeGeGe no Kitaro zuwa kwamfuta. A shekarar ce Princess Mononoke ya fito da sel wajen 144,000, ya zama fim na ƙarshe da Ghibli ta yi a kan roba. My Neighbors the Yamadas na 1999 da kwamfuta aka yi masa launi baki ɗaya. Cikin 'yan shekaru kusan kowa ya bi. Shiri ɗaya ne ya dage a kan roba, Sazae-san, labarin wani iyali da ake nunawa tun Oktoban 1969. Shi ma ranar 29 ga Satumban 2013 ya nuna kashinsa na ƙarshe da aka yi da sel. Zanen fensir ya ci gaba a takarda, ana shigar da shi kwamfuta, amma fentin roba ya tsaya.

Tunda ba a yin sabo, farashin tsoho ya yi tashin gwauron zabo. Amurka ta riga ta nuna hanya, domin tun 1989 aka sayar da sel na wani tsohon katun ɗin Disney a kan dala 286,000 a gwanjon Christie's. A Yunin 2021 kamfanin Heritage da ke Dallas ya yi babban gwanjo da katun ɗin Japan ke kan gaba, aka tashi da cinikin dala miliyan 2.1, hoto guda daga Totoro ya ci dala 84,000. Duk da haka, a shagunan Nakano har yanzu ana samun fallayen shirye-shiryen da ba su yi suna ba a kan kuɗi kaɗan. Tsadar ta jawo 'yan jabu, don haka mai saye kan tsayar da fim ɗin a daidai hoton ya gwada layi da layi, ya duba huda da lamba da irin fentin.

Babban abokin gaba kuwa robar ce da kanta. Irin wadda aka yi amfani da ita tana ruɓewa a hankali, musamman a zafi da laima. Alamar farko wari ne irin na ruwan kal, daga nan fallen ya fara lanƙwashewa yana tattarewa, kuma tururin da yake fitarwa na hanzarta lalacewar na kusa da shi. Layin da inji ya kwafa kan koɗe daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, haske na ƙara masa sauri. Shi ya sa ƙwararrun masu tarawa ba su cika rataye abin da suka fi so a bango ba. Sukan sa shi a leda da aka yanke wa kusurwa don iska ta fita, su ajiye a wuri mai sanyi da duhu, su riƙa sauya ledar lokaci-lokaci. Cibiyar Getty da ke Los Angeles da ma'ajiyar Disney sun shafe shekaru suna binciken yadda za a rage saurin wannan ruɓewa.

Akwai wani ɓangaren tarihin da ya kamata a faɗa. Kuɗin gwanjo ba ya komawa ga hannun da ya yi aikin. Wani bincike da ƙungiyar masu zanen katun ta Japan, JAniCA, ta fitar a 2015 ya nuna cewa masu cike motsi na samun kimanin yen miliyan 1.1 ne a shekara, abin da ba ya riƙe mutum a Tokyo. Wani ɓangare na girmamawar da masu tara genga da doga ke yi wa takardun nan girmamawa ce ga waɗannan mutane, domin sau da yawa takardar ce kaɗai shaidar wanda ya zana me.

Hukuma ta makara wajen shiga lamarin. A 2009 gwamnatin Taro Aso ta ware yen biliyan 11.7 don gina cibiyar ƙasa ta adana irin waɗannan ayyuka, amma gwamnatin da ta gaje ta ta soke shirin a shekarar. A 2017 Hideaki Anno, daraktan Evangelion, ya jagoranci kafa ƙungiyar ATAC don ceto kayan aikin katun da na fina-finan dodanni, a 2023 kuma gwamnatin birnin Tokyo ta buɗe Anime Tokyo Station a unguwar Ikebukuro, inda ake adana kaya wajen 50,000.

Waɗannan cibiyoyi sun tarar da gado mai fuska biyu. Ba don masu tarawa ba, da mafi yawan abin da ya rage ya tafi a wuta. Amma kasuwa falle-falle take sayarwa, ta yadda motsi guda na sakan biyu zai iya warwatsuwa a ƙasashe biyar. A kamfani, kowane yanki na fim yana da ambulan ɗinsa, wanda ke ɗauke da zanen tsari, da genga, da takardar gyara, da doga, da jadawalin da ke nuna hoto nawa kowane zane zai ci. Mai binciken da ya samu ambulan cikakke zai iya bin aikin daga fensirin farko har zuwa kyamara, ya kuma koya wa sabbin masu zane yadda na da suka yi. Shi ya sa a yau masu adana kayan tarihi suka fi farin ciki da tsohon ambulan da ba a taɓa rarraba abin cikinsa ba fiye da falle guda mai tsada, kuma irinsa suke fatan samu a wurin tsofaffin ma'aikata da iyalansu kafin a kwashe sito ko a rushe gida.